Ka Sauka a Tsarnawa

Hamisu, autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka barka da wannan arziki. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naka taku goma ne, kuma da safen nan na ji ka kana faɗa da akuya a kan takalminka. Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi, ya tsare ka a ƙasar da ba ka da kowa sai Shi.

Za ka ce me ya hana Inna ta kira ni ta faɗa mini da baki. Na san halinka ne. In na zaunar da kai, kafin in kai rabin magana ka fara kwaikwayon muryata, in fashe da dariya, shi ke nan magana ta watse. Don haka na ɗauko biro. Karatun yaƙi da jahilci da na yi ina goye da yayarka Zinatu yau ya yi rana.

Jibi za ka hau motar Yamai, babban birni, daga can ka hau jirgin Amurka. Har yanzu in na faɗa sai in ji kamar bakin wata ne. Mutanen da ke shirya wasan ban dariya na talabijin a can sun ga ƴan wasannin da kake ɗauka a waya, suka ce kai suke so, ɗan Malbaza, jikan manoman Dogarawa, ka je ka fito musu a matsayin maƙwabci mai facin taya. Wallahi na yi murna, na yi guɗa har muryata ta dushe, kuma ban ji kunyar kowa ba. Kawunka Alhaji Idi, wanda ya shekara ashirin yana cewa gidanmu gidan ƴan wasan banza ne, jiya shi ne da babbar riga a zaure yana cewa a ɗauke shi hoto da kai. Na leƙo ta taga na gan shi yana gyara hula, na koma ciki na yi rawa ni kaɗai. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

To amma akwai magana guda da ta hana murnata cika, kuma ita ce dalilin takardar nan. Malam Faci, tsohon nan da kake fitowa a matsayinsa, mai sa tafin hannu bayan kunne yana ihu "Me ka ce?", wanda ya sa duniya ta san ka, ba kai ka ƙirƙiro shi ba. Kowa daga nan har Konni ya san Baba Nomau ne, mai facin taya na bakin hanya a Tsarnawa, wanda tayar babbar mota ta fashe masa kusa da kunne ta bar shi da kurumta. Ba ka taɓa tambayarsa ba. Yanzu kuma za ka ɗauke shi ka ƙetare teku da shi. Kafin ka ɓata rai, bari in ba ka labarin kurakuraina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina amarya babanka, Allah ya jiƙan shi, ya kawo ni Malbaza, lokacin yana tuƙa motar siminti. Shi ya fara gane abin da ke jikina. In ya dawo daga tafiya sai in yi masa duk mutanen unguwa, daga mai unguwa har mai kitso, yana kwance a tabarma yana riƙe ciki. Da kansa ya kai ni wurin malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke kira Mushe Abdu irin kiran Faransanci, mai koya wa ƴan samariya, ƙungiyar matasan gari, wasan kwaikwayo, ya ce, "Ga ta nan, Mushe, ni dai ta kusa kashe ni."

Ranar farko Mushe Abdu ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka shafa mini toka a kai, aka ba ni sanda. Ina da ƙuruciyata, haƙorana farare tas, aka mai da ni tsohuwa. Daga nan na yi mai fura, na yi ungozoma, na yi maroƙiya, na yi mai dillancin zannuwa. Wata rana mai yin jandarma ya kwanta zazzaɓi, aka zana mini gashin baki da gawayi, na kama ɓarawo na kuma ci masa tuwonsa. Duk wasan da muka yi, in na leƙo kawai, tun ban buɗe baki ba fili ya ɗauka. Amma ban taɓa zama wadda labarin ke kanta ba, kuma abin ya riƙa ci mini rai.

Kuskurena na farko ke nan. Na tayar da ƙayar baya, na ce ko a ba ni babbar fitowa ko in bar ƙungiya. Wasan na wata matashiya ce da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, tana zaune bakin rijiya tana kuka. Mushe Abdu ya yi, ya yi, na ƙi ji, ya ce to. Na sha lalle, na zizara kwalli, na ɗaura zanen aurena. Bayan la'asar filin gidan samariya ya cika maƙil. Na fito a hankali, na zauna, na buɗe baki zan fara kuka, sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "La ila! Tsohuwa ta yi wanka!" Fili ya kece. Na ƙara kuka, suka ƙara dariya. Daga baya kukan gaske nake yi, hawaye shaɓe-shaɓe, kwalli na bin kumatu, mutane na faɗuwa daga benci.

Da aka tashi Mushe Abdu ya same ni bayan katanga ina sheshsheƙa. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Rabi, ke gishiri ta. Wa kit taɓa gani ya ci gishiri malmala guda?"

Don haka ka ji ni da kyau. An gaya maka fitowarka a can ƴar kaɗan ce, ka leƙo ta katanga, ka faɗi magana biyu uku, ka koma. Na ga yadda ka taɓe baki da kake faɗa wa Zinatu. Kada ka raina. Ka yi ƴar fitowar nan kamar ita ce ta ƙarshe a rayuwarka. Yau wa ya tuna sunan ƴan matan da suka yi kuka bakin rijiya a zamaninmu? Ni kuwa har yanzu in na shiga kasuwar Konni sai wata mai furfura ta riƙe hannuna ta ce in yi mata maroƙiya, kuma ina yi mata.

Na biyu ya fi muni, don shi da gangan na yi. Akwai Iliya, abokin wasanmu, mutum mai natsuwa, shi ke yin uba ko mai gari. A wani wasa yana da doguwar magana a kan gyaran rijiyar gari, ya yi sati uku yana haddace ta. Ni kuma aikina in zauna a bayansa ina tsinkar zogale, shiru. Ya fara magana, na ga idon mutane duk yana kansa, sai shaiɗan ya raya mini wai ƙuda ya dame ni. Na kore shi, ya dawo. Na bi shi da faifai. Na kai masa duka na mari kaina. Jama'a suka mutu da dariya, ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakin Iliya. Na koma gida ina jin kaina sarauniya.

Iliya ya ajiye abin a ransa. Wasa na gaba akwai wurin da zai tambaye ni, "Gwaggo, shekarunki nawa?" ya dakata, ni kuma in saki amsar da ke kayar da mutane. Ya yi tambayar, bai dakata ba ko na ƙiftawar ido, ya wuce. Amsata ta faɗi ƙasa ba wanda ya tsinta. Ranar na gane dariya lugude ce, mata biyu a turmi ɗaya, in ɗaya ta ƙi ɗaga taɓaryarta ɗayar ba ta da wurin saukewa. Na je har gidansa na ba shi haƙuri a gaban matarsa. Kai ma in ka je can, wanda ke miƙo maka magana ka riƙe shi da mutunci, kada ka yi motsi a bayan mai magana sai an sa ka. Ka gaida mai riƙe fitila da mai share wuri kamar yadda za ka gaida mai gidan. In kuma mutane suna dariya, ka yi shiru ka bar su su gama, kana da wannan gaggawar tun kana yaro.

Yanzu ga babban. Wannan ban taɓa gaya wa ɗayanku ba.

Kun tashi kun ji ana kirana Gwaggo Sannu, kun ɗauka suna ne kawai na wasa. Akwai mai shi. Sunanta Tsahara, tana sayar da tuwo kusa da ƙofar ma'aikatar siminti, inda lebura da direbobi ke cin abinci. Tana jan ƙafa ɗaya, in ta taho da ƙwarya a ka sai ta yi taku ɗaya, ta ja ɗaya, ta tsaya ta gyara gammo, ta ce "sannu dai" ko ba kowa a gabanta. Ni kuma ina zuwa kai wa babanka saƙo, sai in zauna a benci ina kallon tahowarta. Sati biyu na yi ina sace ta da ido. Ranar da na fito da tafiyar nan a fili, Mushe Abdu da kansa sai da ya zauna a ƙasa.

Da Gwaggo Sannu muka ci gasa a Konni, muka ci a Tawa, aka kai mu Yamai, aka nuna mu a talabijin. Ni, Rabi ƴar Dogarawa, da ban taɓa wuce Galmi ba! Ranar dawowarmu babanka ya taro mu da motarsa, muka shigo gari a tsaye a baya, mata na guɗa, makaɗa na gaba. Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗin ranar nan har yau yana bakina, kuma na cancanci rabinsa, don na iya aikina.

Bayan kwana biyu na bi ta wurin masu tuwo. Duwatsun murhun Tsahara uku suna nan, toka ta huce, ba tukunya. Na tambayi maƙwabciyarta. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke ka tambaya? Yara sun hana ta tahiya cikin gari, duk inda tab bi suna bayanta suna jan ƙahwa. Har manya in sun zaka sayen tuwo sai su ce Gwaggo Sannu zuba min. Ta kwashe kayanta ta koma wajen wanta, can ƙasar Illela."

Ka san abin da na ce? Na ce ai wasa ne. Na faɗa wa maƙwabciyar, na faɗa wa babanka, na faɗa wa kaina, na ci gaba da jan ƙafa ana tafa mini. Alhali na san ƙa'idar, kowa ya san ta. A wurinmu ba'a tana da masu ita. Taubashi ya yi wa taubashi, jika ya yi wa kaka, Bafillace ya yi wa Babarbare, don kowanne yana da bakin ramawa, a yi dariya a tashi ba wanda ya ji ciwo. Tsahara ba taubashiyata ba ce. Ni ina da fili da jama'a da talabijin, ita tana da muciya. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauke da wannan, in ya motsa sai in danne.

Watan jiya ina dawowa daga Konni, taksinmu ya tsaya a Tsarnawa. Baba Nomau na zaune a rumfarsa yana goga roba. Wasu samari uku a kan babur suka rage gudu, suka sa hannu bayan kunne, daidai yadda kake yi, suka yi ihu. Bai ji ihun ba, amma ya ga hannun. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da gugar wurin da ya riga ya goge. Har muka iso gida, Hamisu, Tsahara nake gani a idona.

Ran Talatar da ta wuce da na ce muku zan je dubiya, Illela na tafi. Daga can ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙauyen a babur, muna tambaya gida gida. Ban ma san ko tana da rai ba. Na same ta da hantsi a gindin bishiyar bedi, a tsakar gidan jikokin wanta, ta tsufa tukuf, ido ya yi rauni, mata na daka a gefe. Na cire takalmi tun daga ƙofa, na shiga a duƙe, na durƙusa.

Ta ce, "Wa ta?"

Na ce, "Ni ta, Inna, Rabi matar Mamman direba, ta Malbaza."

Ta ɗaga kai. Sai ta ce, "To. Gwaggo Sannu ta zaka gaida Gwaggo Sannu."

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ran da kif fara, ina wurin. Ina baya tsaye da ƙwaryata. Ni ma dariya nika yi har da hawaye, ina cewa wagga tsohuwa Allah shi kyauta. Sai da nig ga mutane na juyowa suna dubana." Ta gyara zama. "Ɗingishi nau na, kurkunu yab bar min shi tun ina ɗiya, ban taɓa ɓoye shi ba. Abin da yac ci min rai, kin zauna kin ga tahowata, ba ki taɓa tashi kin ga inda nika zuwa ba."

Ban sani ba, Hamisu. Ashe kullum in lebura sun gama ci, sauran tuwon da miya sai ta ɗora a ka, ta ja ƙafar nan har gidan likita, ta raba wa mutanen ƙauye masu jinya da ba su da kowa a gari. Tsayawar da take yi tana gyara gammo, nauyi ne. Ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Da nit tashi, wa ak kai musu?"

Sai ta ce ta yafe tun tuni, don ita ba ta iya kwana da mutum a ciki. Na ɗauka an gama, na fara share ido. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ina za ki? An ce har Yamai kin kai ni, ni ko Tawa ban taɓa gani ba. Tashi ki yi min in gani."

Na tashi. Matan suka aje taɓare. Na ɗora ƙwarya a ka, na matso dab da ita don ta gani, na yi taku ɗaya, na ja ɗaya, na gyara gammo.

"Tsaya! Wace ƙahwa kika ja?"

Na ce, "Hagu, Inna."

"Dama ta, ɗiyar nan! Dama! Shekara talatin kina cin suna da ƙahwar da lahiya tai lau!"

Ka gane abin da ya faru? Daga gaba nake kallonta kullum, damarta tana hagu da ni, na kwashe ta a juye ban sani ba. Gidan nan ya kece da dariya, wata ta faɗa kan turmi. Tsahara ta ce a ɗaga ta, ta dogara sanda, ta ce in bi bayanta in koya daidai. Mu biyu, tsofaffi, muna jan ƙafar dama daga bedi zuwa rumbu. Da muka kai sai ta juyo ta ce wa matan, "Ku dubi yadda tash shigo." Ta duƙa, ta langaɓe kai, ta yi fuskar akuyar da ta ci hatsin mutane, ta ce da ƴar siririyar murya, "Ni ta, Inna." Wallahi ni ce sak! Suka yi mini dariya har cikina ya ƙulle, ni ma ina yi. Ta dafa kafaɗata tana haki ta ce, "To, yau na rama. Yanzu mun zama taubasai."

Na yi wasa gaban manya a Yamai, an tafa mini, amma ban taɓa fita daga fili da sauƙin zuciya irin na ranar nan ba. Na dawo a bayan babur ina waƙa, ɗan kabu-kabu yana waiwayena.

To ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Motar Yamai ta Tsarnawa take bi, ta gaban rumfar Baba Nomau. Ka sauka. Jirginka sai bayan kwana huɗu, na tambayi Zinatu, wata motar za ta zo. Ka riƙe goro. Ka zauna ta wajen kunnensa mai ɗan ji, kuma ka tambaya wanne ne, kada ka yi irin tawa. Ka nuna masa abin da ke cikin wayar, da hannunka, kana kallon idonsa. Ka gaya masa inda za ka kai shi. Sannan kada ka yi saurin tashi, ka wuni, ka ga yadda hannunsa ke gane huji a taya, ka ga wa yake yi wa aiki ya ce je ka kawai, ka ga inda yake nufa in ya rufe rumfa.

In ya yarda, ka tafi da mutumin gaba ɗaya a wasanka, ba kurumtarsa kaɗai ba, yadda mutanen Amurka in sun gama dariya za su ce ina ma maƙwabcinmu ne. In ya ce a'a, ka bar masa kurumtarsa a inda ka same ta. Ka je ka gaya musu za ka yi musu wani mai facin. Kana da mutum ɗari a jikinka, ni na haife ka, na sani. In kuma suka ce sai wancan ko su fasa, ka dawo, ɗakinka na nan, kuma guɗar da zan yi a bakin tasha sai ta fi ta tafiyarka.

Albarkata tana tare da kai ko ka sauka ko ba ka sauka ba, ba na ciniki da ita. Amma na san abin da mutum ke ɗauka in ya wuce, kuma ba na so ka ɗauka.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da masu dariya a gabanka suna yanka a bayanka. Ya tsare maka sallarka da harshenka, ya sa ka faranta ran bayinsa ba tare da ka ƙona na wani ba. Ya dawo mini da kai ina da sauran ido. Amin.

Ka zauna kusa da direba, ka gaya masa tun daga nan, don ba ya tsayawa in ba a faɗa ba.

Innarka,
Rabi